Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara World of Warcraft: Ina Matsayar Tsofaffin 'Yan Wasa?

Zuwa ga Malam Ion Hazzikostas, daraktan wasan World of Warcraft, da dukan abokan aikinsa a kamfanin Blizzard.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan muhawarar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu buga wasanku: shin wasan ya yi wa gogaggu sauƙi ne, ko kuwa tsauri ya yi musu? Duk lokacin da kuka buɗe sabon filin yaƙi sai a ɗauko ta daga tushe. Wasu su ce kun mayar da wasan na yara, wasu su ce kun mayar da shi aikin albashi. A ganina duk su biyun ciwo ɗaya ke damunsu, kowa dai ta gefen da ya fi yi masa zafi yake kuka. Akwai wawakeken rami tsakanin matakin Heroic da na Mythic, kuma a cikinsa ɗimbin mutanen da suka shekara goma ko ashirin tare da ku suke zaune.

Tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa wanda bai san wasan ba ɗan bayani. Babban abin da ke tara jama'a a wannan wasa shi ne yaƙin taron dangi, inda mutane da yawa, kowa daga gidansa, za su haɗu ta intanet su tunkari wani ƙaton dodo. Akwai masu tare duka, akwai masu yi wa 'yan uwa magani, sauran kuma aikinsu sara da harbi. Dodo ɗaya ake bugawa a matakai huɗu. Na ƙasa shi ne Raid Finder, wanda kwamfuta ke haɗa ka da baƙi ku gama cikin sauƙi. Sai Normal, sai Heroic, waɗanda ke karɓar mutum 10 har zuwa 30, ƙarfin dodon yana hawa yana sauka daidai da yawanku. Na ƙoli shi ne Mythic, shi kuwa sama da shekara goma ke nan, tun 2014, kuka ɗaure shi a kan mutum 20 cif.

Ga yadda abin yake ga ƙungiyar gogaggu, irin waɗanda suka fara wasan suna ɗalibai, yanzu suna da aiki da iyali, dare biyu kawai suke iya warewa a mako. Sabon fili ya buɗe, cikin 'yan makonni sun share Heroic, sun karɓi lambar Ahead of the Curve, wadda ake ba wanda ya kashe dodon ƙarshe na filin a Heroic kafin a buɗe sabo. Daga nan sai me? Sauran watannin kakar, wato lokacin da filin zai yi yana ci kafin a kawo wani, ko dai su ci gaba da kashe dodon da suka riga suka haddace motsinsa, ko su hau Mythic. Hannunsu ya kai, kansu ya kai. Abin da bai kai ba shi ne adadi. Ƙarfe tara na dare, mutum 18 sun hallara, kowa ya sha maganinsa ya ci abincinsa na cikin wasa, ana tsaye a bakin ƙofa. Ɗaya ɗansa ba shi da lafiya, ɗaya an riƙe shi a wurin aiki. Shugaban ƙungiya yana ta cigiyar mutum biyu, baƙo kuma yana gudun shiga, domin duk wanda ya kashe dodo ɗaya tare da ku a Mythic ya ɗaure kansa da zamanku na wannan makon ke nan, ba zai iya bin wata ƙungiya ya sake buga filin a Mythic ba sai mako ya zagayo. Bayan minti arba'in sai a ce kowa ya kama gabansa. Domin guje wa haka sai ƙungiya ta tara mutum 24 ko 25, wanda ke nufin kowane dare akwai mutum huɗu ko biyar da za a ce wa su zauna a benci su yi kallo. Wanda aka zaunar sau uku ba ya jiran na huɗu. Na ga ƙungiyoyin abokai da suka daɗe tare sun watse ta wannan hanya, alhali babu dodon da ya fi ƙarfinsu.

Malam Ion, ba a koya maka wannan karatu. Kafin ka shiga Blizzard kai ne jagoran ƙungiyar Elitist Jerks, kuma har yau ana tuna ka cikin waɗanda suka zauna suka yi lissafi a 2006, suka nuna cewa dodon nan C'Thun na filin Ahn'Qiraj, yadda aka fito da shi, ba ya kasuwa ko an yi komai daidai. Sama da wata uku dodon nan yana tsaye. Da aka yi masa gyara, nan take ƙungiyar Nihilum ta Turai ta kayar da shi. Wato tun a wancan lokacin ka san bambancin wahalar da ke gwada gwaninta da wahalar da kawai katanga ce aka gina a kan hanya. Buƙatar mutum 20 cif, a wurin ƙungiyar da ke da gwanaye 16, katanga ce.

Ban zo in goyi bayan masu cewa a mayar da komai kamar da ba. Waɗannan suna tuna ƙuruciyarsu ne, suna zaton wasan suke tunawa. Da wasan ya fito a Nuwamban 2004, sai da aka kwashe kusan wata biyar kafin a kashe Ragnaros, dodon ƙarshe na filin Molten Core. Da kuka dawo da wasan na asali da sunan Classic a Agustan 2019, ko mako guda ba a cika ba ƙungiyar APES ta kayar da shi, wasu daga cikin mutanenta ma ba su kai matakin ƙarshe na 60 ba. Dodon bai canza sosai ba, mutanen ne suka canza. Wahalar da can rashin sani ce, da raunin kwamfuta, da ɗawainiyar tara mutum 40 a lokaci guda. Naxxramas, fagen yaƙin nan ta 2006, kuwa, saboda 'yan tsiraru ne suka taɓa ganin cikinta, sai da kuka sake gina ta a 2008 domin jama'a su gani. Wanda yake so ya ga ƙarshen tsauri don tsauri, ya dubi wasan WildStar na wani kamfani. Ya fito a 2014 yana alfahari da yaƙin mutum 40 da dogon jerin sharuɗɗa kafin a bar ka ka shiga ƙofa. A Nuwamban 2018 aka rufe shi. Haka masu wasan Final Fantasy XIV suka ɗanɗana a 2015 da filinsu na Alexander Gordias, wanda tsananinsa ya tarwatsa ƙungiyoyi da yawa, har suka sassauta hannu a filayen da suka biyo baya. Don haka ban taɓa jin haushin Raid Finder da kuka kawo a 2011 ba, ko yanayin labari da Delves, waɗanda mutum zai iya bugawa ko shi kaɗai ne, da kuka ƙara a sabon babin wasan, The War Within, a 2024. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin ya ga ƙarshen labarin da ya biya. Hakan bai rage mini komai ba.

Damuwata a saman tsanin take, kuma kaso mai yawa na matsalar ya samo asali ne daga tseren nan na wa zai fara kashe dodon ƙarshe a duniya. Ƙungiyoyi irin su Liquid da Echo da Method ba 'yan wasa ba ne irinmu, sana'arsu ke nan. Suna tarewa a zaure ɗaya, suna buga sa'o'i goma sha wani abu a rana, suna da masu nazari a gefe, da masu rubuta musu manhaja cikin dare, da jagoran da ba ya cikin yaƙin, yana kallon allo yana ba da umarni. Domin kada su cinye filin cikin kwana biyu, sai ku auna dodon da ƙarfinsu. Kil'jaeden na Tomb of Sargeras ya ci wa Method gwaji sama da 600 a 2017. Uu'nat ya ci wa Pieces sama da 700 a 2019. A Maris ɗin 2022, tseren Sepulcher of the First Ones ya kai kusan mako uku kafin Echo ta kayar da Jailer, ana tafiya kuna rage wa dodanni ƙarfi, kuma bayan an gama tseren kuka ci gaba da ragewa mako bayan mako.

Abin ya zama kamar tela ya auna ƙaton ɗan kokawa ya ɗinka riga, sannan ya riƙa datse hannu da wuya har ta shiga jikin sauran mutanen gari. Rigar za ta shiga, amma kowa ya gan ta ya san ba dominsa aka yanka ta ba. Ƙungiyar dare biyu a mako takan shafe wata guda tana dukan dodo ɗaya, an kai ga saura ƙiris, sai a wayi gari ranar Laraba kun zaftare masa jini ko kun cire dabarar da ake ta koyon kauce mata. A daren sai ya faɗi. Babu wanda ke ihun murna yadda ya kamata, domin kowa ya san ba shi ya ci ba, ba shi aka yi. Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gogaggen ɗan wasa gudun nan yake nema, naman ba shi ne ya dame shi ba. Mafi muni shi ne darasin da wannan ke koya wa mutane: wai hikima ita ce a jira. Me zai sa ka wahalar da mutanenka a mako na uku, tunda a mako na takwas za a rage?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kun taɓa samun maganin wannan da hannunku, kuka ajiye. Ina nufin fagen yaƙin Ulduar, da ta fito a Afrilun 2009. A can babu wani jerin suna da mutum zai latsa ya zaɓi mataki kafin ya shiga. A cikin yaƙin kansa ake zaɓar wahala. A ɗakin wani dodo mai suna Mimiron akwai wani ƙaton jan maɓalli a jikin bango, an rubuta gargaɗi cewa kada a taɓa. Idan ƙungiya ta ji ta isa, sai mutum ɗaya ya je ya danna, sai wuta ta fara cin ɗakin tana bin mutane, agogo kuma ya fara ƙirga mintoci. Dodon shi ne dai wanda kuka sani, amma yanzu kowane taku sai ka duba inda za ka sa ƙafa. A wurin Flame Leviathan akwai hasumiyoyi huɗu, kowacce ka bari a tsaye ta ƙara masa wani makami. Freya tana da dattawa uku, ko ka kashe su tukuna ko ka bar su su taimake ta. XT-002 kuwa, idan kuka fasa zuciyarsa a lokacin da ta faɗo, kun tsokano wa kanku yaƙi mafi tsanani. Gwanin duka shi ne Yogg-Saron: masu gadi huɗu ne ke iya taimakonku, Hodir da Thorim da Freya da Mimiron, ku ne za ku zaɓi nawa za ku roƙa. Huɗu, uku, biyu, ɗaya, ko babu. Matakai biyar ke nan a yaƙi guda, kuma sai da aka kai watan Yuli kafin ƙungiyar Stars ta Taiwan ta yi shi ba tare da mai gadi ko ɗaya ba. Kafin Ulduar ma kun gwada da Sartharion da 'yan dodanninsa uku.

Dubi abin da wannan tsari yake yi wa ƙungiya. Ba ta tsallake rami, tana hawa ne taki ɗaya bayan ɗaya. A wannan makon a bar hasumiya ɗaya, mako mai zuwa a bar biyu. Idan daren yau gwanaye sun cika, a danna maɓalli. Idan an zo da sabon shiga ko ƙanin wani, a bar maɓallin a kashe dodon a wuce, kowa ya ji daɗi. Shawarar tana hannun mutanen da ke cikin ɗakin, su suka san ƙarfinsu. Na san hujjar da ake kawowa, cewa ƙirƙiro wa kowane dodo irin nasa maɓallin aiki ne mai cin lokaci, kuma wasu ba sa gane yadda ake kunna shi. Tun daga filin da ya biyo baya, Trial of the Crusader, a shekarar dai, kuka koma zaɓi daga jerin suna. To amma yau wasan yana da kundin bayanin dodanni a cikinsa, layi biyu sun isa su faɗa wa mutum abin da zai faru idan ya bar hasumiya a tsaye. Ba kuma sai kowane dodo ba. Ko uku ne cikin takwas a Heroic aka ba su irin wannan, da lada mai ɗan tsoka da lambar yabo, ƙungiyar mutum 13 ta sami abin da za ta yi har ƙarshen kaka.

Shi kansa adadin 20 ɗin, na fahimci dalilinsa. Idan an san yawan mutane, an fi iya auna yaƙi daidai, kuma ba a so gwanaye su gano cewa 17 ya fi sauƙi su riƙa korar uku. Wannan hujja tana da ƙarfi a makonnin tsere. Bayan an cika Hall of Fame, wato jerin ƙungiyoyin da suka fara kashe dodon ƙarshe a Mythic, wa take karewa? Ku bar 20 ɗin ga masu tsere, sannan ku buɗe ƙofa daga 15 zuwa 25 ga sauran jama'a, ku kuma kwance ɗaurin nan na mako da ke hana baƙo taimakon ƙungiyar da ta rasa mutum ɗaya. Idan wani adadi ya ɗan fi wani sauƙi, wannan ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da daren da aka fasa gaba ɗaya. Game da masu tsere kuma, ku duba abin da masu Final Fantasy XIV suka yi tun 2017 da yaƙoƙin Ultimate: fili ne daban na 'yan ƙoli, ladansa makami mai ƙyalli da laƙabi, kuma ba shi ne hanyar da kowa zai bi ya gama kakarsa ba. Ku ba gwanayen duniya nasu dodon, ku auna Mythic da mutanen da za su zauna a cikinsa wata biyar.

Sai maganar irin wahalar kanta, wadda a wurina ta fi adadi muhimmanci. Shekara da shekaru aka yi ana tsere tsakaninku da masu rubuta manhajojin taimako irin su Deadly Boss Mods da WeakAuras. Ku ƙirƙiro dabara, su warware ta, sai ku ƙirƙiro wadda ta fi sauri da sarƙaƙiya domin ta gagari manhajar, sai ta gagari ɗan Adam, manhajar kuma ta warware ta. An kai matsayin da mutum zai ga alama ta fito a tsakiyar allonsa tana ce masa tafi hagu, lamba uku, ya tafi, ba tare da ya san dalili ba. A lokacin, rabin daren farko kan tafi ne a gyaran manhaja, ana tambayar wa bai sabunta tasa ba. Na yi murna da kuka bayyana a 2025 cewa za ku taƙaita abin da waɗannan manhajoji ke iya gani a lokacin yaƙi. Amma wannan alkawari yana da rabi na biyu, kuma shi ne a wuyanku. Idan an ɗauke wa mutum ɗan jagora, dole hanya ta zama mai ganuwa. Kada a zuba shuɗin da'ira a kan shuɗin daɓe. Kada a ba mutum biyar daƙiƙa uku su raba wurare biyar a tsakaninsu ba tare da wata alama ba. A bar dodon ya nuna abin da zai yi da jikinsa da muryarsa, yadda mai lura zai gane, marar lura ya sha duka.

A nan ne mu da ke bugawa daga Afirka ta Yamma muke da ta cewa. Babu sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ake haɗuwa a kanta a buga, ko ɗaya a nahiyarmu, na Turai muke shiga. Wanda ke Kano ko Zariya, duk maɓallin da ya danna sai saƙon ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku ya isa Turai, sannan amsa ta dawo. Wannan jinkiri ba laifin kowa ba ne, nisa ne, kuma ba saba na zo roƙo ba. Abin da nake so ku sani shi ne, akwai wahalar da nisa ba ya taɓa ta, akwai wadda yake ninka ta. Yaƙin da ke neman tsari, da sanin lokacin da za a ajiye babban makami da lokacin da za a sake shi, da mai magani ya san wa zai ceta wa zai bari, da mutum goma sha biyar su motsa kamar mutum ɗaya, wannan muna iya gogayya da kowa a cikinsa. Yaƙin da kuwa ya ce ka kauce cikin ƙiftawar ido, kuma kuskuren mutum ɗaya ya kashe duka ashirin, ba gwaninta yake aunawa ba, kusanci da saba yake aunawa, da ƙuruciyar yatsu. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Wanda ya fara wasan yana ɗan shekara 20 a 2004 yanzu ya haura 40. Saninsa ya ƙaru, saurinsa ya ragu, kuma shi ne ya fi kowa daɗewa yana biyan kuɗin wata. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure, a hukunta shi, ko a ɗora wa masu magani nauyi su yi ta fama, a bar ƙofar ceto a buɗe. Mafi daɗin nasarorin da ake ba da labari a ƙungiyoyi su ne waɗanda rabin mutane suka mutu, sauran suka ja yaƙin da haƙori har dodon ya faɗi.

Ba zan tsawaita a kan Mythic+ ba, wato ƙananan yaƙoƙin da ake yi ana tsere da agogo, domin tun da kuka kawo shi a 2016 ya nuna cewa tsani mai hawa taki ɗaya ɗaya yana aiki: mutum biyar, kowa ya hau har inda ƙarfinsa ya tsaya. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka rasa ƙungiyar 20 suka koma can. Sai dai agogo shi ne kusan dukan wahalarsa, kuma ba kowane gogagge ne ke son gudu ba. Abin da yake koyarwa dai a fili yake: da aka ba mutane matakala suka hau da kansu, ba wanda ya tilasta musu.

Buƙatata ta kusa ita ce ku gwada a fili ɗaya kawai. A kaka mai zuwa ku zaɓi dodanni biyu ko uku a Heroic ku ba su irin maɓallin Mimiron, ku kwance adadin Mythic bayan an gama tsere, sannan ku duba alƙalumanku, waɗanda ku kaɗai ke da su, ku ga ƙungiyoyi nawa ne suka ci gaba da haɗuwa har wata na huɗu. Idan ba su ƙaru ba, kuna da hujjar komawa yadda kuke.

Na gode da lokacinku. A gaishe da dukan ma'aikata.

Naku,
Wani tsohon mai magani a wata ƙungiyar dare biyu a mako,
daga Kano, Nijeriya.